Waƙar da ta raka sojojin Musolini zuwa Habasha

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah ka ba ni fili in yi magana kan "Faccetta Nera", waƙar Italiya ta 1935 wadda masu kewar mulkin Musolini ke rerawa har gobe.

Ta fito ne a shekarar da sojojinsa suka afka wa Habasha. Kiɗanta na maci ne, mai saurin shiga kai. Ana lallashin wata budurwa Bahabashiya, wai ta jira, ga soja nan tafe ya fitar da ita daga bauta, ya kai ta birnin Rum, ya ba ta sabon sarki da sabuwar doka. Ana cikin rera wannan, jiragen Italiya na zuba wa mutanen Habasha iskar guba. A Fabrairun 1937 kuma aka kashe dubbai a Adis Ababa bayan an kai wa Mashal Graziani, gwamnan da Italiya ta naɗa a Habasha, hari.

Abin da ya fi ci mini rai, hukumar Musolini ta tsargu da waƙar ne saboda ta yabi baƙar mace. A 1937 ɗin aka kafa dokar hana Ba'italiye zama irin na aure da 'yar ƙasar da suka mallake.

Ina roƙon jaridarku ta yi mana cikakken rubutu kan wannan yaƙi.

Naka,
Mai karatu daga Kano