Zuwa ga Ummi, a Chennai

Ummi,

Assalamu alaikum. Ya karatu, ya zafin garin? Mu nan lafiya lau, sai ƙafar innarki da ke tashi in sanyi ya shigo. Kuɗin haya na tura ta hannun yayanki, ki duba.

Hoton da kika turo wa ƙanwarki ne ya hana ni barci. Kina tsaye ƙarƙashin wata ƙatuwar bishiya mai saiwoyi na reto kamar cediya, kin rubuta wai Adyar, inda Annie Besant ta zauna. Da farko murna na yi. Sai ƙanwarki ta saki baki cewa kin yi sababbin abokai, duk Asabar kuna taruwa a wani gida, a rage fitila, a rufe ido, kuma wata dattijuwa a cikinsu ta riƙe hannunki ta ce tana ganin wani haske tare da ke wanda babu shi a sauran. Ba ki gaya mini ba. Innarki ma ba ki gaya mata ba.

Na san za ki ce ni na fara sa miki sunan matar nan a kunne. Haka ne, kuma ban yi da-na-sani ba. Shekarar da aka rufe masaƙarmu, aka sallame mu da takarda ba ko sisi, ina zaune a zaure ba aikin fari ba na baƙi, ni na ba ku labarin 'yan matan masana'antar ashana na Landan. A 1888 Besant ta rubuta yadda ake yi da su a kamfanin Bryant and May: tsayuwa tun safe har dare, a ci ki tara don kin yi magana ko kin makara, ga sinadarin kan ashanar yana cin muƙamuƙin mutum har ƙashi ya ruɓe. Mata wajen 1,400 suka ajiye aiki, ta tsaya musu har aka soke tarar, suka kafa ƙungiyarsu. A lokacin tana cikin 'yan gurguzun Ingila, 'yan ƙungiyar Fabiyan. Kina 'yar firamare kika tambaye ni ko mace ma tana iya jan yajin aiki. Na ce miki ga ta nan.

Rabin labarin na ba ki, don kina ƙarama. Ga sauran.

Shekara ɗaya kacal bayan yajin, a 1889, aka ba ta littafin wata Barashiya, Helena Blavatsky, ta yi sharhi a kai. Ta karanta, ta je ta same ta, shi ke nan. Matar da ta yi shekaru tana hawa dandamali tana cewa ba ta yarda da addini ba, sai ga ta a ƙungiyar Tiyosofi, masu cewa akwai waɗansu ɓoyayyun malamai can wajen Tibet da ke aiko musu da saƙo. Ta bar Fabiyan, ta tafi Indiya a 1893, ta zama shugabar ƙungiyar a 1907. Ba zan ci haƙƙinta ba: ta buɗe makaranta a Banaras, Turawa 'yan'uwanta sun tsare ta a 1917 saboda neman wa Indiya 'yanci, a shekarar kuma aka ba ta shugabancin jam'iyyar Kwangires ta Indiya. Ba muguwa ba ce. Da muguwa ce da hankalina bai tashi haka ba.

Yaron nan ne ya tsaya mini a rai, Ummi. A 1909, a bakin tekun Adyar ɗin nan da kika je, abokin aikinta Leadbeater ya ga wani yaro ɗan kimanin shekara 14, ramamme, marayan uwa, sunansa Krishnamurti. Ya ce ya ga haske kewaye da shi irin wanda bai taɓa gani ba. Kin ji kalmar? Uban yaron ƙaramin ma'aikaci ne a wurinsu, talaka mai 'ya'ya. Aka lallashe shi ya sa hannu a takarda, Besant ta zama mai riƙon yaron da ƙanensa, aka kwashe su zuwa Ingila, aka ce wannan shi ne zai zama malamin duniya. Da uban ya farga, a 1912, ya kai ƙara a dawo masa da 'ya'yansa. Ya yi nasara a kotun Madaras, wato Chennai ɗin da kike, aka ɗaukaka ƙara zuwa Landan, a 1914 aka rushe hukuncin. Ƙanen ya mutu da tarin fuka a Amurka a 1925, nesa da gida. Shi kuwa Krishnamurti, a 1929 ya miƙe gaban taron mabiyansa a ƙasar Holan ya rushe ƙungiyar da aka kafa dominsa. Shekara 20 ke nan bayan ranar bakin teku.

Kuma ita wannan mata ta san zafin abin. Kotun Ingila ta taɓa ƙwace mata 'yarta ta ba mijinta, saboda ra'ayinta. Wadda aka yi wa haka, ita ta shiga kotu da wani uba a kan 'ya'yansa, kuma zuciyarta na gaya mata alheri take yi. Kwana uku ke nan ina tunanin mutumin nan, yana fitowa daga kotu hannu rabbana, ya koma ɗakin da tabarmar yaransa take.

Ban sayar da filin Rigasa don a riƙe miki hannu a duhu ba. Kin san me aka ce a dangi da na ce za ki tafi, kin san wanda har yau ba ya amsa gaisuwata a kan haka. Na tsaya na ce na san 'yar da na haifa. Yanzu sai a bakin ƙanwarki zan ji inda kike kwana da tunaninki? Da abin kirki ne, me ya sa kika ɓoye? Ko har an fara ce miki mutanen gida ba za su gane ba?

Ki yi haƙuri, na ɗaga murya. Na san kaɗaici ne, na san ba ki da wanda za ki yi wa Hausa in kin dawo daga asibiti a gajiye, kuma duk wanda ya nuna miki kulawa a baƙon wuri zai shiga ranki. Tausayin talaka da ke cikinki kuwa ba na so ya ragu ko ƙwayar zarra, gadon gidan nan ne. Malam Aminu Kano ya ƙare rayuwarsa yana faɗa da zalunci, bai ajiye Alƙur'aninsa ba, da shi ma yake faɗan. Ki karanta Besant, ki karanta ta har ƙarshe, har da shafin uban yaron. Amma gidan Asabar ɗin nan, ina roƙonki, ki dakata da zuwa sai mun yi magana.

Ki kira ni ranar Juma'a in an sauko masallaci, a wayata, ba ta ƙanwarki ba. Kada ki yi mata faɗa, kuka take yi tun jiya. Innarki ta yi miki dambun nama da yajin daddawa, tana neman mai zuwa. Ta ce in tambaye ki ko kina yin azkar ɗin da kakarki ta koya miki.

Allah ya tsare mini ke.

Babanki