Sanarwa ga ƴan rukunin masu saƙa

Assalamu alaikum ƴan uwa. Samfurin gyalen kwarashi da na turo makon jiya, wata ƴar uwarmu a unguwar Aboabo ta saƙa shi da ulu ruwan toka, har ta ƙara masa tuntu a baki. Wallahi da na ga hoton sai da na kira maigida ya zo ya gani. Nata ya fi nawa kyau, kuma daɗi ne ya kama ni!

Don Allah duk mai turo samfuri ta rubuta lambar kwarashi da yawan ɗauri a layin farko. Hoto kaɗai bai isa ba, masu koyo suna ta warwarewa.

Asabar za mu shiga kasuwar Kejetia ta Kumasi sayen ulu, mai so ta faɗi launinta kafin daren Juma'a.