Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Masu Gyaran Kwamfuta

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi. A shekarar da muke bankwana da ita, kusan dukkan ƙarfin kwamitin horarwa ya tafi ne a kan aiki guda, wato koyar da yadda ake maido da ɓangare ɗaya na faifai daga cikakken kwafin da aka ɗauka, ba tare da an taɓa sauran ɓangarorin ba.

Tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, masu kawo kwamfuta domin a sauya musu manhaja suka ƙaru a shagunanmu, kuma abin yabo ne yadda yawancinmu suka saba ɗaukar kwafin faifai gaba ɗaya kafin su sa hannu. Matsalar a wajen maidowa take. Wani ɗan uwanmu ya ɗauki kwafin kwamfutar wani shagon buga takardu, bayan wasu makonni ɓangaren da Windows ke ciki ya lalace, sai ya juye kwafin dungurungum a kan faifan. Kwamfutar ta tashi lafiya, amma duk takardun ɗalibai da aka buga a ɗaya ɓangaren tun daga ranar ɗaukar kwafin suka salwanta. Sai da dattawan ƙungiya suka shiga tsakani kafin mai shagon ya haƙura, kuma har yanzu abin yana damunmu, domin amana ce aka ba mu.

Wannan ya sa muka shirya bita a aikace. Mun nuna cewa kwafin da aka ɗauka da dd, wato umarnin Linux mai kwafe faifai gaba ɗaya, yana ɗauke da teburin ɓangarori a farkonsa kamar ainihin faifan, don haka umarnin fdisk -l yana iya karanta shi ya faɗi inda kowane ɓangare ya fara. Idan ɓangaren farko ya fara a sekta (ƙaramin yanki na faifai) ta 2048, kuma kowace sekta bayit 512 ce, to yana nan a bayit na 1,048,576. Da yake kuskuren lissafi yana da sauƙi, mun fi son mambobi su yi amfani da umarnin losetup tare da -P, wanda ke fito da kowane ɓangare daban, da kuma -r domin kada a rubuta komai a kan kwafin. Daga nan sai mutum ya buɗe ɓangaren ya gani da idonsa cewa shi ne ake nema, ya tabbatar wurin da za a zuba shi bai gaza shi girma ba, sannan ya kwafa. A ganin kwamiti, mafi haɗari shi ne rubuta sunan faifan da za a zuba wa, domin dd ba ya tambayar kowa ko ya tabbata. Harafi ɗaya tsakanin sunayen faifai kamar sda da sdb ya isa ya share dukiyar mutum.

Masu aiki da Clonezilla, wata manhajar kwafe faifai, sun fi samun sauƙi, tunda yana ajiye kowane ɓangare a fayil ɗinsa, kuma zaɓin restoreparts yana maido da wanda ake so kaɗai. Kwafin dd da aka matse da gzip, manhajar rage girman fayil, kuwa sai an warware shi kafin a buɗe shi da losetup, abin da ke buƙatar fili mai yawa.

Abin da ya rage mana shi ne BitLocker, wato tsarin Windows mai kulle bayanan faifai. Ɓangaren da aka kulle da shi yakan nemi mabuɗin ceto mai lambobi 48, kuma kwastomomi da dama ba su ma san suna da shi ba, saboda haka muka yanke cewa a riƙa tambayarsa tun ranar karɓar aiki, a rubuta a rasit ko an bayar ko ba a bayar ba. Haka nan ɗaukewar wuta ta katse mana kwafi a tsakiyar bita, shi ya sa kwamiti ke neman amincewar babban taro a sayi inbata da babban faifan ajiya daga kuɗin ƙungiya, waɗanda kowane mamba zai iya ara idan aiki ya taso.

Sakataren Kwamitin Horarwa