A bar hanyoyin keke su bushe bayan ruwan sama

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana kan masu hawan keke a gandun dajin gwamnati da ke kan tsaunuka, irin na Pisgah a jihar Carolina ta Arewa a Amurka, wanda aka kafa a 1916.

Ina son wannan wasa ƙwarai. Abin da ke damuna shi ne hawa bayan an sheƙa ruwa. Ƙasa ta yi laushi, taya ta yanka ta, ruwan da zai biyo baya ya bi wannan tsagi yana gangarowa, ya kwashe ƙasa ya zuba a rafi. Kafin ka ankara hanya ta zama kwazazzabo. Wasu kuma, don gudun taɓo, sai su ratse gefe su tattake tsirrai, hanya ta yi ta faɗi. Masu aikin sa kai, bayin Allah, su ke zuwa da diga da shebur su gyara.

Ina kira ga hukumar gandun daji ta riƙa rufe hanyoyin har ƙasa ta tsane. Mahayin keke kuma ya ba mai tafiya a ƙasa da mai doki hanya.

Naka,
Mai karanta jaridarka