Ba gajiya ce ta zaunar da Rosa Parks ba

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya jama'a.

Na saurari shirinku na tarihi kan Rosa Parks, kun kyauta, amma gaskiya akwai inda ban yarda ba, wai gajiya ce kawai ta hana ta tashi ta ba farar fata kujera a bas ranar 1 ga Disamba 1955 a Montgomery ta jihar Alabama a Amurka, lokacin da doka ke raba wa baƙaƙe da fararen fata wurin zama a bas. Haba Malam! Matar nan fa sakatariyar NAACP ce ta garin, wato ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata, tun 1943, ta san abin da take yi sarai, ita da bakinta daga baya ta ce ba jikinta ne ya gaji ba, wulaƙancin ne ya ishe ta.

Kuma ba ita ta fara ba, wata tara kafin nan an kama wata yarinya 'yar shekara 15, Claudette Colvin, kan magana ɗaya, ban ji kun ko ambace ta ba.

Abin da ya fi ci mini rai duk shirin ya koma kan Martin Luther King, alhali a lokacin shekararsa 26, bai ma daɗe a garin ba. Bayan an kama Rosa, wata malamar kwaleji ce Jo Ann Robinson ta kwana tana buga dubban takardu cewa ran Litinin 5 ga wata kar kowa ya hau bas, kuma mata masu aikatau a gidajen fararen fata su ne suka riƙa takawa a ƙasa safe da yamma har kwana 381, direbobin tasi baƙaƙe suka mayar da kuɗin mota senti 10 daidai da na bas, hukuma ta yi musu barazana, sai mutane suka haɗa motocin kansu suna jigilar juna, wata mai girki Georgia Gilmore tana sayar da abinci tana kai kuɗin a zuba mai. Ko bam da aka jefa gidan King a Janairun 1956 bai sa sun koma ba.

Shari'ar hana wariyar launin fata a bas da Kotun Ƙoli ta tabbatar ranar 13 ga Nuwamba 1956 ma ba ta Rosa ba ce, ƙarar mata huɗu ce, Aurelia Browder ce a gaba kuma Claudette na ciki. Ita Rosa aikinta na ɗinki ta rasa, a 1957 ta tattara ta koma Detroit.

Don Allah ku yi kashi na biyu kan matan nan, ko na minti goma ne.

Naku, mai sauraro daga Zariya.