Ƙotar bindigar Kawu

Damagaram, daren Alhamis

Assalamu alaikum, Bafillacena,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Ya ruwan Kumasi? Mu nan hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari, daga Zango ba ka hango duwatsun Birni. Saƙonka kan filin hanyar Mirya ya iso, zan amsa maka shi a wata wasiƙar, yau dai bari in sauke abin da ke cina, don in na yi shiru a bakin Dogo za ka ji, ka kuwa san yadda yake zuba wa zance gishiri.

Bindigar Kawu ta gyaru. E, waccan dai, 'yar ƙasar Cek, CZ mai ƙaramin harsashi .22, wadda ya hana ka taɓawa wai hannun makiyayi sanda kawai ya sani. Ka tuna ƙotarta ta tsage a wuya ranar da ta faɗo daga amalanke, maƙeri ya ɗaure da waya aka naɗe da ɗanyar fata. Itace a ƙasar nan wahala yake sha. Da damina ya kumbura, hunturu na shigowa ya bushe ya tsuke, noti su saki, inda ka auna daban, inda harsashi ya faɗa daban. To ɗansa na Yamai ya sayo masa ƙotar roba a shagon masu lasisi, baƙa wulik. Kawu ya ƙwanƙwasa gindinta da yatsa, ya ji fanko, ya ce a mayar wa mai ita. Daga nan aka buɗe karatu: wai zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, maƙeran garin nan igwa suke ƙerawa, albarushi ma a nan ake haɗawa, yau jikoki sun koma sayen bokiti suna ce masa ƙota. Na bari ya gama, na naɗe kayan cikin tabarma na kawo gida. Sakatar da ke tura harsashi kuwa ya zare ya sa aljihu, ya ce ko ni bai yarda da ni ba. Ban ga laifinsa ba.

An ce wa ɗan nasa ɗaurawa kawai za a yi. Ina! Da na zaunar da ƙarfen na ɗaure notin biyu, na ɗauki takardar jika guda na zura ƙarƙashin bututun daga gaba, ina janta zuwa baya. Kamata ya yi ta wuce sumul har gindin bututu, don in roba na dafa shi a gefe guda, duk motsin hannu da duk zafin rana sai sun karkatar da harbi. Ba ta yi tafiyar yatsa uku ba ta maƙale a hagu. Sai na aro jan-bakin maman yara, na shafa wa ƙarfen, na mayar, na sake cirewa. Duk inda ja ya bayyana a jikin robar, nan ne ke taɓawa. Na naɗe samfefa a guntun sandar tsintsiya ina gogewa kaɗan kaɗan, in shafa, in gwada, in goge. Har yau ba ta daina yi mini gorin jan-bakin ba, ta ce in gaya maka kai za ka biya, na Kumasi take so.

Inda na sha zullumi shi ne wurin zaunar da gindin ƙarfen. Tsakaninsa da robar akwai ɗan wasa, a ido ba ka gani, sai ka riƙe ka girgiza. Maganinsa a shimfiɗa gam ɗin Araldite a wurin, a dasa ƙarfen a kai ya yi wa kansa gurbi. Na sayo mai jinkirin kamawa a Kasuwar Dole, don mai minti 5 kafin ka gama gyara zama ya daskare. Irin wannan robar ba ta son gam, santsi gare ta, dole ka karce wurin ka huda ƙananan ramuka a karkace yadda gam ɗin zai samu abin riƙewa. Shi kuma ƙarfen akasin haka ake so: na shafe shi da man takalmi marar launi har da noti, na toshe kowace kafa da kakin zuma. In ka manta wuri guda, shi ke nan, ƙarfe da ƙota sun zama abu ɗaya har abada, sai dai zarto. Ka yi tunanin in je gaban Kawu da wannan labari. Awa 24 ake ba shi. A daren nan na fi mai jego tashi, in haska tocila, in taɓa ragowar gam ɗin da na bari a murfin gwangwani in ji ko ya yi tauri. Da lokaci ya cika na kwance noti, na bugi ƙasan bututun da tafin hannu, na ji ƙas, ya rabu. Har rubutun da ke jikin ƙarfen ya fito a gurbin. Wallahi sai da na yi hamdala da ƙarfi, maƙwabci ya leƙo ta katanga yana tambayar ko an haihu.

Af, maganar haihuwa, matar Dogo ta sauka, namiji. An yi suna, rago biyu, shi da ke kukan babu. Bashinka kuwa ko a fuska.

Tsawo ma sai da aka rage. Daga kunama zuwa ƙarshen gindi wajen santimita 35 ne, an yi shi don dogayen Turawa, Kawu kuwa ka san shi, ga babbar riga a kai. Na yanke kamar yatsa guda, na cusa soson katifa cikin ramin don ƙarar fankon nan ta mutu, na dasa guntun katako inda notin murfin gindi za su kama. Layin da injin zubi ya bari a tsakiya, mai kartar kunci, na kankare shi da reza.

Fenti dai da na so barinsa, amma baƙar roba a ranar Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba ta riƙuwa. Autan Inna ya riga ni, ya fesa mata fentin ƙofa ina kasuwa, washegari da farce ake ɓare shi. Wani mai fentin motoci a Sabon Gari ya nuna mini abin da suke fara fesa wa bamban mota na roba kafin launi, siriri ne kamar ruwa, shi ke sa fenti ya kama. Na wanke ƙotar da Omo, na goge da samfefa mai lamba 320 har ƙyallin ya mutu, na share da alkol, daga nan ban ƙara taɓa ta da hannu tsirara ba. Ƙura ce ta rage. A hunturun Damagaram ko miya ka buɗe sai ta sha ƙasa, balle ɗanyen fenti. Sai na yayyafa ruwa a tsakar ɗaki, na ɗaura gidan sauro, na rataye ƙotar a ciki da waya, taga a buɗe, hanci a ɗaure. Fesawa daga nesa kamar taki ɗaya da rabi na hannu, shafi siriri, a jira kwata, a sake. Launin rairayi na yi mata, sannan na ɗora ganyen dogon yaro na fesa ruwan ƙasa a kai, zanen ganyen ya fito. Na hana kowa taɓawa sai da ta yi mako.

Takardun Kawu duk suna nan daidai, kada ka fara. Ya fi ni tsoron 'yan gandun daji, dokar farauta ta 1998 kamar ya haddace ta, kuma tun da aka keɓe yankin Termit don kare namun daji a 2012 yake faɗa wa samari su bar namun can su huta. Shi zabin daji da zomo ne iyakarsa.

Mun fita bayan gari da sassafe, muka jingina kwali a gindin tudu, taki hamsin. Na harba, ramukan suka taru wuri guda, kwabon dala ashirin ya rufe su. Na miƙa masa. Ya gyara tsayuwa irin tasa ta da, ya daɗe yana aunawa, ya harba, ƙura ta tashi can gefe. Ya sake, haka. Ya ce roba ce, ba ta da albarka. Na yi shiru. Da ya juyo rana ta haske masa fuska, sai na ga farin nan a ƙwayar idonsa na dama. Yanar ido ce, aboki. Dama Inna ta ce kwanan nan in an miƙa masa shayi sai ya lalubi kofin, ni ban ɗauka da nauyi haka ba sai ranar.

Abin da ya sa na zauna rubuta maka ke nan. Aikin yanar ido ba dogon aiki ba ne, ana yi a nan garin, mutum ya shiga ya fito, ladanin masallacinmu an yi masa, yanzu shi ke zura wa matarsa zare a allura. Amma in ni na faɗa, yaro ne ni. Kai kuwa, duk da zagin da yake maka, maganarka yake ji. Ka kira shi ranar Juma'a bayan an sauko, lokacin yana da sakin fuska. Kada ka ce daga gare ni ka ji. Ka fara da tsokana, ka ce an ce Babarbare ya kasa samun kwali, sauran ka san yadda za ka bi da shi.

Bindigar tana wurinsa. Jiya jikansa ya gan shi wurin dukawa yana cinikin jar fata, wai a ɗinka wa gindin riga don kada kuncinsa ya taɓa bokiti. Kuɗin da suka yanka masa ya kusa rabin na ƙotar, kuma bai yi ciniki sosai ba.

Kilishin da ka ce, sai mai zuwa ya samu, direban da ka sani ya koma hanyar Agadas. Inna na gaishe ka, ta ce hoton yaran da ka turo duk sun rame, ko kenke kawai kuke ba su?

Ka gaida uwargida. Sai na ji daga gare ka.

Naka,
Ubangidanka na Birni