A Duba Dokar Hanya Kafin a Yabi Kwalta

Assalamu alaikum Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Don Allah a ɗan ba ni fili.

Duk sanda aka tashi yabon gwamna sai ka ji ana lissafo tituna da gadar sama, an zuba kwalta nan an faɗaɗa can, amma ban taɓa jin wanda ya tambaya mutum nawa titin ya ci bayan an yanka ƙyallen buɗe shi ba. Titi mai kyau in babu doka a kansa filin tsere kawai aka yi wa direbobi, tsohuwa ta tsaya a bakinsa tana leƙe dama da hagu ta kasa tsallakawa, yara 'yan makaranta kuma su riƙe hannun juna su ruga a guje, to wannan wane irin jin daɗin rayuwa ne?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya duk shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Waɗanda suka tsira ma ba a cika maganarsu ba. Magidanci ya karye a cinya, watanni yana kwance da ƙarfe a ƙafa, sana'a ta tsaya, a sayar da ɗan abin da aka mallaka a biya asibiti, ƙarshe a cire yaro daga makaranta. Gida guda ya faɗa talauci saboda wani ya ga ba zai iya jiran danja ta ba shi hannu ba.

Kuma kar a ce wai sai gwamnatin tarayya ce za ta iya gyara wannan. Victoria jiha ce a Ostireliya, ita ta fara wajabta ɗaura bel a mota a 1970, daga baya ƙasashe suka bi sahu. Biyetnam ta tilasta sa hular kwano a Disambar 2007 kuma ta tsaya kai da fata, cikin ɗan lokaci kusan kowa ya sa. Najeriya ta gwada a Janairun 2009, wasu 'yan acaba suka kifa ƙwarya da bokitin fenti a ka, aka yi dariya, bayan 'yan watanni magana ta bi ruwa. Dokar iri ɗaya ce fa, bibiya ce ta bambanta.

Ni a ganina gudu ne babbar matsala. Mai tafiya a ƙasa idan mota ta buge shi tana gudun kilomita 65 a awa, haɗarin mutuwarsa ya ninka fiye da sau huɗu a kan in tana 50. Shi ya sa a 1997 Suwidin ta ce tunda ɗan Adam ba zai daina kuskure ba, a tsara titi yadda kuskuren ba zai zama ajali ba, a rage gudu a cikin gari, a raba hannun zuwa da na dawowa da shinge. Oslo, babban birnin Norwe, ta bi wannan hanyar, a 2019 ko mai tafiya a ƙasa ɗaya bai mutu a titunanta ba.

Amma fa doka in ta koma hanyar tara kuɗi ta lalace. Jami'i ya laɓe bayan kwana yana jiran wanda takardarsa ta ƙare, ga babbar mota da taya suɗaɗɗiya da burki mai ciwo ta wuce bayan an gaisa ta taga, ga mai jiniya ya bi hannun da ba nasa ba an sara masa, wallahi talakan da ya ga haka ba zai ƙara ganin girman dokar ba. Lasisin tuƙi kuwa wasu har gida ake kai musu, ba a taɓa gwada su ba.

Roƙona ga 'yan majalisar jihohi, su wajabta wa hukumar kula da hanya ta riƙa fitar da adadin waɗanda suka mutu da waɗanda suka jikkata duk wata, titi bayan titi, a kuma sa iyakar gudun kilomita 30 a gaban makarantu da kasuwanni da asibitoci. Ku ma 'yan jarida in kun je hira da kwamishinan ayyuka ku tambaye shi wannan adadin.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Mai karatu